Mā̀tā ko Mātā: Kwana Shida Tsakanin Fayil da Allo

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai kan kai inda inuwar dogon yaro ma ba ta da sanyi, wata ɗaliba mai nazarin harsuna ta buɗe kwamfutarta bayan sallar isha'i, sai ta tarar rubutunta ya sauya kama. Saura mako uku ta miƙa kundin digirinta na biyu, wanda ta gina a kan karin sautin sunaye a Hausar Adar. Ta yi watanni tana zagaya ƙauyuka tsakanin Tawa da Keita da ƴar na'urar naɗar murya, ta dawo da hirarraki masu tsawo, ta zauna ta rubuce su kalma bayan kalma da alamomin da masana suka saba: layi a kwance a kan dogon wasali, ɗan kara mai karkata a kan wasalin da ke ɗauke da karin ƙasa, hula a kan mai faɗuwa, karin sama kuwa a bar shi babu alama.

A daren nan ta buɗe hirar da ta fi so, wadda ta yi da wata tsohuwa mai sassauƙar murya da ta ba ta labarin aurenta na fari. A inda take tunawa ta rubuta mā̀tā, wato mace guda, matar aure, sai ta ga mātā, jam'in mata. Ta gangara ƙasa, ta ga bā̀ƙī ya rasa karansa, dōkī̀ ma haka. Ban da wannan, in ta gungura shafin da sauri sai wasu haruffa su rikiɗe su zama baƙaƙen tabo kamar an ɗiga tawada, su yi ƙyaftawa, su dawo. Ƴar manhajar da ta rubuta da harshen Python, mai ƙirga tsarin kari a cikin kalmomi tana zana layin hawa da saukar murya, ita ma ta soma fitar da taga mai ratsin baƙi maimakon zane.

Ba ta zargi na'ura ba, kanta ta zarga. Ta tuna dararen da ta yi rubutu ido na rufewa, ta ce lalle a nan ne ta yi sakaci. Tabon da ƙyaftawar kuwa ta ɗora su a kan tsufan kwamfutar, wadda ta saya ta hannu, mai allon madannai irin na Faransa da rabin haruffansa sun goge. Don haka sai ta ɗaura ɗamarar gyara. Dare uku tana bin fayilolinta, duk inda ta ga dogon wasalin da take jin ya kamata ya ɗauki karin ƙasa sai ta danna alamar. Wani lokaci alamar ta ɗan nuna kamar layin ya yi kauri, wani lokaci babu abin da ya motsa, sai ta sake dannawa. Ba ta koma ga sautin ba, domin lokaci ya ƙure, kuma ai ta san harshenta.

A rana ta huɗu ta sa manhajarta ta sake ƙirga, ta buga jadawalin ta kai wa malamin da ke duba aikinta. Dattijo ne da ya fara koyarwa tun ana buga kundi da tafireta, ana bin haruffa da biro ana yi wa k da d da b ƙugiya da hannu. Ya dubi jadawalin ya daɗe, sannan ya sa yatsa a kan wani layi.

"Ƴata, kalma mai gaɓa biyu, yaya aka yi ta sami karin ƙasa uku?"

"Malam, ƙila kuskuren lissafi ne."

"Ƙila. To amma ki duba, a watan jiya sunayen da suka fara da karin ƙasa ba su kai haka ba. Ko dai mutanen Adar sun sauya harshe cikin wata guda, ko kuma wani abu ya taɓa fayilolinki. Kada ki ƙara rubuta ko harafi ɗaya sai kin gano wanne ne."

Ta fito daga ofishinsa gwiwa a sanyaye. Tsohuwar da ta ba ta labarin nan ta rasu da kaka, ba sauran komawa a tambaye ta. Abin da ya rage na maganarta shi ne sautin da aka naɗa da rubutun da aka yi daga gare shi, ga shi rubutun ya shiga shakka.

Tana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinta, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, yana kuma gyaran na'urori a wani ɗan shago a hayin kogi. Da yamma ta hau kabu-kabu ta kai masa. Ya karɓi kwamfutar yana dariya, ya ce ai ya daɗe da sanin masu nazarin harshe ba su iya komai ba sai musu a kan wasali. Ta ce gara su, da masu kwana suna zance da akwati. Da wasan ya lafa, ya tambaye ta abin da ta yi wa na'urar kafin ta fara wannan hali. Ta ce ba ta yi komai ba. Ya ce kowa haka yake cewa, ya jawo kujera.

Abin da ya fara yi mata bayani shi ne cewa harafin da ido ke gani a allo ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso. A cikin fayil babu harafi, lambobi ne kawai. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ tana da U+0199, ƴ tana da U+01B4, ɓ tana da U+0253, ɗ kuma U+0257. Daga nan salon haruffa, abin da masu Faransanci ke kira police, shi ke ba kowace lamba siffa. Wata manhaja irin su HarfBuzz ta tsara inda kowace siffa za ta zauna, wata irin su FreeType ta mayar da siffar ɗigo-ɗigo. Sannan a miƙa ɗigon ga katin zane, wanda ke fesa su a allo. Katin kuwa ba ya jin yaren manhaja sai ta bakin direbansa, wata ƴar manhaja da aikinta ya fi kama da na tafinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa yana iya ɓata saƙo, kuma a ido duk ɓarnar kamanninta ɗaya.

Ta ce to ai sai a goge komai a sake ɗora tsarin daga farko, kamar yadda ta ji ana yi. Ya girgiza kai. In aka sauya abu goma a lokaci guda matsalar ta tafi, ba a san wanne ya kore ta ba, ran da ta dawo sai a koma jiya. Ya ce za su riƙa taɓa abu ɗaya, su bar saura yadda yake, su ga abin da ya motsa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce wannan ai darasin shekarar farko ne. Haka ake tabbatar da ƙwayar sauti: a ɗauko kalmomi biyu da suka yi daidai a komai in ban da gurbi guda, kamar bā̀kī da bā̀ƙī, in ma'ana ta sauya to an kama mai laifi. Ya ce ashe dai akwai abin da ake koya musu.

Suka fara da fayil. Zatonta na farko shi ne cutar da duk mai rubuta Hausa a kwamfuta ya sani, inda ƙ kan koma Æ™, ɗ ta koma É da dogon layi. Wannan yakan faru ne in an adana rubutu da tsarin UTF-8, inda ƙ ke cin gurbi biyu, C6 da 99, sannan wata manhaja ta karanta shi da tsohon tsarin Yammacin Turai mai ɗaukar kowane gurbi harafi ne mai zaman kansa. Amma a nan babu irin waɗannan baƙin haruffa. Ya rubuta layi biyu na Python da ke buga lambar kowane harafi maimakon siffarsa, ya ba shi wata kalma daga fayil ɗin da ba ta taɓa ba. Lambobin suka fito: m, sai U+0101 wato ā, sai U+0300 wato karan karin ƙasa, sai t, sai ā. Alamar tana nan inda ta ajiye ta tun farko. Ba ta taɓa yin sakacin da ta zargi kanta da shi ba.

Daga nan sai ita ta ga abin da shi bai gani ba. Tana kallon shafin, ta ce ya dakata. Kalmar gṑbe tana ɗauke da karanta, kṑgī ma haka, gajerun wasula irin na wùyā da gàdā duk lafiya lau. Karan bai ɓace ba sai a kan dogayen a da i da u. Ta ce wannan ba ɓarnar da ta faɗo ko'ina ba ce, tana da muhalli, kuma duk abin da ke da muhalli yana da dalili. Ya buɗe jadawalin Unicode suka duba tare. Ashe ḕ da ṑ kowace tana da lamba guda da ta haɗa wasalin da layin da karan, U+1E15 da U+1E51, haka ma à da ì da ù. Manhajarta takan haɗe duk abin da ke haɗuwa kafin ta adana, saboda haka waɗannan sukan fito a matsayin siffa ɗaya da aka riga aka zana. Amma ā̀ da ī̀ da ū̀ ba su da lamba guda. Dole a zana wasalin da layinsa, sannan a ɗauko karan a ɗora a bisa layin, kuma wannan ɗorawar sai salon haruffan da aka yi masa tanadin jera alama a kan alama. Wanda ba shi da tanadin sai ya sauke karan a tsayin da ya saba, ya faɗa cikin layin, a ƙaramin rubutu ya saje da shi.

Suka duba, suka tarar editan da take rubutu a ciki ba ya amfani da salon da ta zaɓa tun bara. Ya neme shi bai samu ba, ya ɗauko wani a madadinsa ba tare da ya ce uffan ba. Suka mayar da Charis SIL, ɗaya daga cikin salon da aka ƙera musamman don masu nazarin harsuna, ba su taɓa komai ba bayan wannan. Nan take karan ya bayyana a kan kowane dogon wasali. Murnarta ba ta daɗe ba, domin a kalmomin da ta yi dare uku tana gyarawa, kara biyu ne a tsaye, wani a kan wani, a wasu wuraren har uku. Ga amsar tambayar malaminta a fili.

Baƙaƙen tabon dai suna nan, tagar zane ma ba ta warke ba. Ya ce wannan wata cuta ce dabam, ko da a ce uwarsu ɗaya. Ta ce allon ne ya tsufa. Ya jira har tabon ya bayyana, ya ɗauki hoton allo daga cikin na'urar kanta, ya tura wa wayarsa. Tabon ya fito a wayar. Hoton allo ana ɗaukarsa ne daga abin da katin zane ya shirya, kafin ya bi ta waya ya isa gilashi; da gilashin ne ko igiyarsa ke da rauni, da hoton ya fito tsaf. Aka wanke allo daga zargi.

Editan nata, kamar da yawa daga cikin na zamani, an gina shi ne a kan injin burauza, kuma yakan miƙa aikin zane ga katin don sauri. Yakan zana kowane harafi sau ɗaya a wani faifai da ke cikin ma'ajiyar katin, duk lokacin da ake bukatarsa sai a kwafo daga can. Taubashin ya rufe editan, ya sake buɗe shi da umarnin --disable-gpu, wanda ke hana shi neman taimakon katin ya bar wa babbar ƙwaƙwalwar na'ura aikin. Suka gungura shafi sama da ƙasa har suka gaji, babu tabo ko ɗaya, sai dai motsin ya ɗan yi nauyi, fankar na'urar ta kama gurnani. Ya yi wa manhajarta gwaji makamancin wannan, ya sa a yi zanen ba tare da katin ba, layin murya ya fito sarai. Matsalar ta rage tsakanin abu biyu, katin kansa ko direbansa.

A nan ne gabanta ya fi faɗuwa. Direba kyauta ake sauke shi. Kati kuwa a irin kwamfutarta manne yake da uwar allon ciki, in ya ƙone sai dai sabuwar na'ura, kuma kuɗin da ke hannunta bai wuce na buga kundi da ɗaure shi ba. Ya ce zafi yana kashe kati, ƙurar hunturu da ta toshe fanka tana taya shi, amma katin da ke mutuwa ba ya zaɓen manhaja. Ya ɗauko wata kile mai ɗauke da tsarin Linux da ke tashi ba sai an ɗora shi ba, ya tayar da kwamfutar daga gare ta. Kati ɗaya, allo ɗaya, direba dabam. Komai ya fito lafiya, har hoto mai motsi. Ta sauke ajiyar zuciya.

Sai suka koma kundin da tsarin ke rubuta duk abin da ya yi da kwanan wata da sa'a. A ranar da abin ya fara, da misalin ƙarfe uku na rana, an soma sabunta manhajoji masu yawa, cikinsu har da direban katin da wasu tarin haruffa, rahoton kuma ya yanke a tsakiyar layi. Ta tuna. Ta bar kwamfutar tana sabuntawa ta tafi cin abinci, aka ɗauke wuta, batirin da ba ya riƙe minti goma ya mutu. Da ta dawo ta kunna, ta ga ta tashi, ba ta ƙara tunawa da zancen ba. Direba yana da sassa da dole su zo daga zubi ɗaya, sashen da ke zaune a zuciyar tsarin da sassan da manhajoji ke kira. An sauke wasu sababbi, wasu suna nan tsofaffi, suna magana da juna kowa da abin da yake nufi. Taubashin ya dube ta ya ce, "Ashe ba ki yi komai ba." Ta ce ai ba ita ta ɗauke wutar ba.

Ya jona kwamfutar da batirin shagonsa, ya ba da umarnin dpkg --configure -a don a ƙarasa abin da aka bari rabi, ya kammala sabuntawar, ya sake tayar da na'urar. Tagar zanen murya ta warke. Editan kuwa ya ci gaba da tabonsa. Ta ce a sake ɗora shi. Ya ce tukuna. Irin waɗannan manhajoji sukan adana ƙananan umarnin zane da direba ya riga ya fassara musu, a wata jaka mai suna GPUCache, don kada a maimaita aikin kullum. Abin da ke cikin jakar an fassara shi ne a zamanin rikici, editan kuma yana ta ɗebowa daga ciki. Ya goge jakar, editan ya gina sabuwa da kansa, tabon ya tafi bai dawo ba. Da sun goge komai tun farko, da duk wannan ya wuce ba su san ko ɗaya daga cikin dalilan uku ba, kuma da ta koma ta ci gaba da aiki a kan fayilolin da ta ɓata tana zaton lafiyarsu ƙalau.

Gyaran na'ura ya ci yini ɗaya da rabin dare. Gyaran abin da hannunta ya yi shi ya fi wuya. Inda kara ya ninku, layi guda na Python ya isa ya mayar da biyu ko uku zuwa ɗaya. Amma a dararen nan uku, da yake allon ba ya bambanta mā̀tā da mātā, akwai wuraren da tsohuwar ta faɗi jam'i da gaske, ita kuma ta dubi jimlar ta yi zaton tilo ne ta ɗora kara. Waɗannan kara ɗaya ne a kansu, ba su da wani bambanci da na ƙwarai, babu manhajar da za ta iya tsamo su. Kwafin da ke kan kilenta ya girmi aikin da mako biyar. Ya taimaka wajen tsofaffin fayiloli, inda suka sa na'ura ta jera tsoho da sabo ta nuna duk gurbin da suka saɓa. Hirarraki huɗu na ƙarshe, har da ta tsohuwar, ba su da kwafi ko'ina.

Washegari ta koma wurin malaminta ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama. Ya ce a zamaninsu mai buga tafireta yakan manta ƙugiya, kuma kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ke yarda da takarda sai ya gwada ta da kaset. Tun taron Bamako na 1966 ake ta fama a kan yadda za a rubuta harsunan nan, an samu haruffa, an samu lambobi, amma har yanzu mafi yawan kayan aikin ba da Hausa a zuciya aka ƙera su ba, kuma wasalin da ke ɗauke da alama biyu shi ne farkon wanda ake mantawa. Ya ce Hausawa sun ce gani ya kori ji, to ban da a wannan sana'a. Ya ba ta ƙarin mako guda, bisa sharaɗin ta ƙara shafi a babin hanyoyin bincike ta bayyana salon haruffan da ta yi amfani da shi, da yadda ta adana alamomin, da abin da ya faru, domin wanda zai zo bayanta.

Tun daga ranar ta sa wa manhajarta wani ɗan bincike da ke tsayawa ya yi ƙara in ya ga kara biyu a kan wasali ɗaya, ko kari ya fi gaɓoɓin kalma yawa. A saman kowane fayil ta rubuta layin gwaji mai ɗauke da ɓ ɗ ƙ ƴ da ā̀ ḕ ī̀ ṑ ū̀, wanda take dubawa kafin ta karanta komai. Ba ta ƙara barin na'ura tana sabuntawa da rana tsaka a watan zafi ba.

Sauran aikin na kunne ne. Ta zauna a ɗakinta da abin sauraro a kai, ta buɗe sautin a Praat, layin murya yana tafiya a ƙasan rubutun. Tsohuwar tana ba da labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, ta zo kan kalmar. Ɗalibar ta tsayar, ta mayar baya, ta sake ji. Gaɓar farko a sama take, ta biyu ma a sama, layin a miƙe. Matan gidan ne gaba ɗaya suka fito tarbarta, ba uwargida kaɗai ba. Ta cire karan da ta ɗora a daren Talata, ta adana, ta kwafa a kile, ta matsa zuwa jimla ta gaba.